Bayani a Kan Motar Lantarki da Yadda Take Tafiya

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da aka yi shelar janye tallafin man fetur a Nijeriya, farashin lita ya ninka ya kuma sake ninkawa, mutanen da a da ba su taɓa damuwa da sanin abin da ke ƙarƙashin murfin mota ba, tun daga direbobin haya da masu Keke Napep har ya zuwa ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, sun shiga tambaya game da wata irin mota wadda ake cewa ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, sai dai a jona ta da wuta da daddare, gari ya waye a kama hanya. Waɗansu sun ɗauki zancen ƙarin gishiri ne na masu talla, waɗansu kuwa sun ɗauke shi wani sirri ne na Turawa da Sinawa wanda hankalin talaka ba ya kai gare shi. Alhali kuwa abu ne da aka gina bisa ƙa'idodin da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa a cikin halittarsa, waɗanda duk mai hankalin da ya natsu ya bi bayaninsu daki-daki zai fahimce su sarai. Abin da nake nufin tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, injin wannan mota ya fi na motar fetur sauƙi nesa ba kusa ba, amma wahalarta duka, da tsadarta, da iyakar tafiyarta, da haɗarinta, sun taru ne a wuri guda, wato batir.

Ya kamata mu fara da abin da muka saba da shi. Injin fetur gidan wuta ne: ana cakuɗa mai da iska a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗin ya fashe ya ingiza fistin, fistin kuma ya juya wani lanƙwasasshen ƙarfe wanda daga gare shi juyi yake isa ga tayoyi, wannan fashewa kuwa tana aukuwa sau dubbai a cikin minti guda. To, da yake wuta ce, tilas ne a tanadi lagireto da ruwa don sanyaya ta, da baƙin mai don kada ƙarafa su ci juna, da salansa don fitar da hayaƙi da rage ƙara. Kuma da yake injin ba ya ba da ƙarfinsa sai juyinsa ya kai wani haddi, tilas ne a haɗa shi da giya da kuloci. Bayan duk wannan ɗawainiya, idan aka kasa ƙarfin da ke cikin fetur kashi 100, abin da yake isa ga tayoyi bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 ba. Saura duk ya tafi a zafi da hayaƙi. Wato mai mota, in ya sayi mai na naira 10,000, abin da ya tura shi gaba a haƙiƙa na naira 2,000 ne ko 3,000, ragowar kuwa sararin samaniya ya ɗumama da ita.

Injin lantarki kuwa asalinsa wata alaƙa ce tsakanin lantarki da maganaɗisu wadda aka gano fiye da shekara 200 da suka wuce. A shekarar 1820 wani malamin jami'a a Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan wuta ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita, irin wadda matafiya suke gane alƙibla da ita, sai ta karkata daga inda take fuskanta. Wannan ya nuna cewa duk wayar da wuta ke gudana a cikinta ta zama maganaɗisu muddin wutar tana nan. Shekara guda bayan haka Michael Faraday na Ingila, wanda ɗan maƙeri ne bai kuwa yi zurfin karatun makaranta ba, ya sa waya ta riƙa kewaya maganaɗisu ba tsayawa da ƙarfin wuta kaɗai. Duk fankar da ke juyawa a ɗaki, da injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, da injin motar da muke magana a kanta, daga wannan ɗan gwaji suka samo asali.

Ga yadda abin yake a cikin mota. Injin ɓangare biyu ne, na waje wanda yake tsaye, da na ciki wanda yake juyawa. A jikin na wajen an naɗa wayoyin jan ƙarfe rukuni uku, an jera su suna kewaye. Idan aka ba rukunin farko wuta ya zama maganaɗisu, kana aka sassauta masa aka ƙarfafa na biyu, sa'an nan na uku, aka sake komowa kan na farko, sai ƙarfin jan nan ya riƙa zagaya cikin injin ko da yake babu wata waya da ta gusa daga wurinta. Na cikin kuwa, ko dai an dasa masa maganaɗisu masu ƙarfi na dindindin, ko kuwa an yi masa sandunan ƙarfe waɗanda ƙarfin nan mai zagayawa yake haifar da wuta a cikinsu, bisa tsarin da Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888. Ko wanne ne daga cikin biyun, ba shi da zaɓi face ya bi wannan ja da yake gudu a gabansa, ya yi ta binsa bai cim masa ba, binsa ɗin nan kuwa shi ne juyin da yake kai ga tayoyi. Babu fashewa, babu abin da ke hawa da sauka, kuma daga wutar da ta shiga injin kimanin kashi 90 cikin 100 take fita a matsayin juyi.

Sai dai batir wuta mai miƙewa fuska guda yake bayarwa, injin kuwa mai kai da komowa yake bukata, saboda haka aka sa inbata a tsakaninsu, ɗan'uwan wanda masu sola suke da shi a gidajensu, illa dai na mota ya fi ƙarfi da azanci ƙwarai. Shi ne yake buɗe wa wuta hanya yana rufewa sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, yana raba ta ga rukunan nan uku bi da bi. In ya gaggauta rabon mota ta yi gudu, in ya yawaita wutar ta yi ƙarfi, in kuma ya juya tsarin rabon daga na uku zuwa na farko sai ta koma da baya. Totur ɗin da direba yake takawa ba ya buɗe wa komai hanya, saƙo kawai yake aika wa inbata. Daga nan ne fa'idodi da yawa suke fitowa, waɗanda wanda ya fara shiga irin motar yake mamakinsu: tana fizga da cikakken ƙarfinta tun daga tsaye, domin jan maganaɗisu ba ya jiran juyi ya hau, galibinta giya ɗaya gare ta, ba kuloci, domin injin yana iya juyawa fiye da sau 10,000 a minti, in cunkoso ya tsai da ita a Ƙofar Nasarawa ko a Kasuwar Barci, injin ya tsaya cik, ba ya cin komai sai abin da na'urar sanyaya ɗaki da fitilu suka ci, kuma ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba wankin kafireto. Shirunta ma ya kai har hukumomin Tarayyar Turai suka wajabta, tun daga 2019, a sa wa sababbin samfura wata na'ura mai fitar da sauti idan suna tafiya a hankali, don kiyaye makafi da yara da masu tafiya a ƙasa.

Akwai wata hikima kuma wadda, a ganina, ta fi duk waɗannan ban sha'awa. Faraday ɗin nan, a 1831, ya gano akasin abin da ya fara ganowa, wato idan aka motsa maganaɗisu kusa da waya sai wuta ta gudana a cikinta. A kan wannan ƙa'ida janareta yake aiki, tun daga ƙaramin da ke bakin shago har manyan da ruwan Kwara yake juyawa a madatsar Kainji. Ashe ke nan injin lantarki da janareta abu guda ne: ka ba shi wuta ya ba ka juyi, ka ba shi juyi ya ba ka wuta. Saboda haka idan direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur ko ya taɓa birki, sai tayoyi su koma su ne suke juya injin, injin ya riƙe su yana rage musu gudu, wutar da ta samu daga wannan riƙo kuwa ta koma cikin batir. Motar fetur da ke saukowa daga tsaunukan Jos ta Hawan Kibo, duk nauyin gangarowarta a kan birki yake ƙarewa, ya zama zafi, har wani lokaci birkin ya ƙone ya ƙi ci, abin da ya jawo asarar rayuka masu yawa. Ta lantarki kuwa takan iso ƙasan gangaren da caji fiye da wanda take da shi a samansa.

A nan mutane da yawa sukan yi wata tambaya, ba kuwa ta rashin hankali ba ce: me zai hana a ɗaura janareta a jikin taya, mota ta riƙa yi wa kanta caji tana tafiya, a huta da neman wuta gaba ɗaya? Amsa ita ce wannan mustahili ne. Janareta ba ya ƙirƙirar ƙarfi daga babu, karɓa yake yi daga abin da ke juya shi; duk wutar da zai bayar, ya ja fiye da ita daga tayar, tayar kuwa daga batir ta samo. Abin da birki yake maidowa wani kaso ne daga abin da aka riga aka kashe wajen hawa ko wajen ɗaukar gudu, ba ya kuwa taɓa cika daidai da shi, domin iska da gogayyar taya da ƙasa sun riga sun ci rabonsu.

To, in har injin yana da wannan sauƙi da wannan daɗewa, me ya sa duniya ta shafe ƙarni guda tana shaƙar hayaƙin fetur? Tarihi ya nuna cewa motar lantarki ta taɓa kasancewa a gaba. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a sa'a ta lantarki ce, wadda wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya tuƙa kusa da birnin Paris a 1899. A wajajen 1900 kuma kimanin sulusin motocin Amurka na lantarki ne, mutanen birni suna son su don tsabtarsu, da kuma don ba a murɗa ƙarfe da hannu kafin su tashi. Amma Henry Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, aka ƙirƙiro kik na tayar da inji a 1912, man fetur ya wadata ya yi arha, hanyoyi suka miƙe tsakanin garuruwa. Batirin wancan zamani kuwa na dalma ne da ruwan batir, irin wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙira a 1859, mai nauyin gaske da ƙarancin abin da yake riƙewa. Batir ne ya kayar da motar lantarki a wancan karo, kuma ba ta sake tashi ba sai da aka sami wani batirin.

Wanda aka samu ɗin na litiyam ne, ma'adinin da ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi. Stanley Whittingham ya aza harsashinsa a shekarun 1970, yana kuwa aiki ne a kamfanin mai na Exxon a lokacin da rikicin man fetur ya tsorata ƙasashen Yamma. John Goodenough ya inganta shi a Jami'ar Oxford a 1980. Akira Yoshino na Japan ya mai da shi abin da za a iya amfani da shi cikin aminci a 1985. Kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun aka ba lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019, Goodenough yana da shekara 97 a duniya. Wannan batir ne ke cikin wayar hannu da kwamfuta, kuma da kamfanin Tesla ya fito da motarsa ta farko a 2008, ƙananan batura 6,831 irin na kwamfutar hannu ya harhaɗa ya zuba mata.

Kowane ɗaya daga cikin ƙananan baturan nan yana da gefe biyu. Gefe guda na girafayit ne, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, wanda Allah ya halitta shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, da 'yar tazara a tsakani. Ɗaya gefen kuwa haɗi ne na litiyam da waɗansu ma'adinai, ko dai nikel da kobalt da manganis, ko kuwa baƙin ƙarfe da fosfet. A tsakaninsu akwai wani ruwa na sinadari da wani shamaki siriri ƙwarai, wanda yake barin zarrar litiyam ta ratsa, amma hanyar a toshe take ga ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin nan da gudanarsu cikin waya ita ce wutar lantarki. Idan ana caji, ana tilasta wa litiyam ne ya bar mazauninsa ya ƙetare shamaki ya shige tsakanin shimfiɗun girafayit, inda ɗabi'arsa ba ta natsuwa. Da zarar an buɗe hanya sai ya nufi komawa, ilektaron ɗinsa kuwa, da yake an hana su bi ta ciki, ba su da mafita sai su zagaya ta wayar waje, ta inbata da inji, su yi aikin tura mota kafin su sadu da shi a ɗaya gefen. Ba a ƙona komai, ba abin da ke fita. Litiyam ɗin nan dai shi ne yake kai da komowa sau ɗaruruwa, har dubbai. Batir ɗaya bai wuce kimanin bolt 4 ba, saboda haka ake jera kimanin 100 a haɗe don a sami bolt 400, waɗansu sababbin motoci ma 800, a shimfiɗa su duka cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin daɓen mota, tare da wata 'yar kwamfuta da ke lura da zafin kowane rukuni da cikarsa dare da rana.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa caji yake sauri da farko, ya yi nawa a ƙarshe. Misalinsa misalin masallacin Juma'a ne: waɗanda suka zo da wuri suna shiga tururuwa, kowa ya sami sahu ba wahala, amma idan masallaci ya kusa cika, wanda ya zo sai ya bi a hankali yana neman kafa, in kuwa aka ce a turo jama'a da ƙarfi, sai su cushe a bakin ƙofa. Haka litiyam yake yi idan aka matsa masa alhali girafayit ya kusa cika, ya taru a bakin shimfiɗun ya daskare, ya rage wa batir kwana, wani lokaci ma ya huda shamaki. Don haka manyan tashoshin caji suke kai batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 20 zuwa 40, sa'an nan kwamfutar ta rage wutar da kanta. Don haka ne kuma ake shawartar masu batirin nikel da kobalt kada su riƙa cika shi fal kullum, kada kuma su bar shi ya ƙare ƙaf.

Yanzu sai mu zo ga awo, domin da shi ake raba gardama. Ana auna abin da batir yake riƙewa da yunit ɗin nan da muke saya a mitar gida, wato aikin kilowat guda na tsawon sa'a guda. Matsakaiciyar mota batirinta yana ɗaukar kimanin yunit 60, tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, ke nan caji guda zai kai ta kilomita 300 zuwa 400. Daga Kano zuwa Kaduna ba ta da damuwa, amma mai zuwa Abuja ya kamata ya tsaya a hanya. Abin lura shi ne, litar fetur guda tana ɗauke da ƙarfin kimanin yunit 9, wato duk batirin nan, mai nauyin kilo 400 ko kusa da haka, wanda shi ne abu mafi tsada a jikin motar, abin da ke cikinsa bai kai na lita 7 ba. Da ƙarfin lita 7 take yin tafiyar da motar fetur takan ci kimanin lita 25 kafin ta yi ta. A cikin wannan lissafi guda ake ganin falalar motar da kuma rauninta: ba ta israfi ko kaɗan, amma guzurinta ƙanƙane ne a cikin mazubi mai nauyi, kuma cika shi yana ɗaukar lokaci. A soket ɗin gida na yau da kullum sai ya kwana ya wuni, sa'a 20 ko fiye; da na'urar caji ta musamman mai kilowat 7 kuwa dare guda ya isa.

A nan ne maganar take zama tamu. Wutar da ake rarrabawa a Nijeriya duka, ga mutane fiye da miliyan 200, galibi tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne, Jamhuriyar Nijar ma ta daɗe tana sayen wani kaso daga cikinta. Da motoci miliyan guda za su jona caji a lokaci ɗaya, kowace tana jan kilowat 7, da sun bukaci megawat 7,000, fiye da abin da ake rarrabawa a ƙasar gaba ɗaya. Wanda kuma zai ƙona fetur a janareta don ya yi wa motar lantarki caji, ya koma gidan jiya, ya ƙara da asara. Amma Allah ya hore mana rana irin wadda Turai ba ta da ita: allon sola guda mai wat 450 yana ba da kimanin yunit 2 a wuni a ƙasashenmu, saboda haka allo huɗu sun isa su biya bukatar mai zirga-zirgar kilomita 40 a cikin gari, in dai ya sami dabarar haɗa lokacin rana da lokacin da motar take ajiye. Sai dai ranar nan da take ba da wuta ita ce kuma abokiyar gabar batir, domin zafi yana gaggauta tsufansa. An ga haka a jihar Arizona ta Amurka a wajajen 2012, inda samfurin farko na Nissan Leaf, wanda batirinsa ba shi da tsarin sanyaya na ruwa, ya riƙa rasa ƙarfin riƙe caji da wuri. Zafin Sakkwato da Maiduguri da Agadas a watan Afrilu kuwa bai gaza na Arizona da wani abin kirki ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa rashin salansa bai wanke motar daga dukan laifi ba. In da gawayin kwal aka samar da wutar, to an kawar da hayaƙin ne daga titi zuwa tashar wuta, ko da yake galibin nazarce-nazarce sun nuna cewa, in aka haɗa lissafin rayuwar motar duka, gurɓatawarta ba ta kai ta motar fetur ba, kuma huhun yaran da ke talla a bakin titi ya huta. Abin da ya fi damuna shi ne al'amarin ma'adinai. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma wani kaso daga ciki talakawa ne suke haƙo shi da hannu a yankin Kolwezi, har da ƙananan yara, cikin ramukan da ke ruftawa da su, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ba ya halatta mutum ya yi alfahari da tsabtar motarsa ya kau da kai daga wannan zalunci. Batirin baƙin ƙarfe da fosfet, wanda kamfanonin Sin irin su BYD da CATL suka yawaita, ba ya bukatar kobalt, ya fi jure zafi, ya fi araha, ko da yake ya fi nauyi. Ina ganin shi ya fi dacewa da mu ta kowace fuska. Mu kanmu muna da litiyam a ƙasa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024, kuma wajibi ne a kan hukuma da sarakuna da malamai su tsaya kada abin da ya sami mutanen Kolwezi ya sami ƙauyukanmu.

Duniya dai ta riga ta kama wannan hanya. A 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace biyar da aka saya sabuwa, fiye da rabinsu kuwa a ƙasar Sin. A Nowe kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin waccan shekara na lantarki ne zalla. Habasha ma, wadda ke kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai alhali ga ta da wutar babbar madatsarta ta kogin Nilu, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024. Mu ma ba baƙi ne a cikin sha'anin ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, motar da take tafiyar kimanin kilomita 60 da batir kafin ƙaramin injin fetur ya tashi ya tallafa mata. Da ya komo gida ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, aka kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki. Ra'ayina shi ne a nan ya kamata mu sa ƙarfinmu, wato kan bas ɗin cikin gari da keke da babur, kafin motar alfarma: tafiyarsu gajera ce, kullum suna komowa tasha guda, batirin babur yunit 3 ne ko 4, kuma tuni a Ruwanda da Benin da Togo ɗan acaɓa yake shiga shago ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar kaɗai, ya koma bakin aiki cikin 'yan mintoci.

Saura gargaɗi ga mutum biyu, mai saye da mai gyara. Galibin motocinmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka, kuma irin duban da muka saba yi wa mota, a saurari ƙarar inji, a duba hayaƙi da baƙin mai, ba shi da amfani a nan. Kamfanoni sukan lamunci batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, motar da ta iso mana kuwa sau da yawa ta cinye wannan wa'adi. Saboda haka mai saye ya nemi a jona na'urar bincike a nuna masa kashi nawa ya rage daga ƙarfin batirin na asali, ya tambaya ko da ruwa ake sanyaya shi, ya tabbatar bakin cajinta ya dace da na'urorin da ake samu a garinsu, domin na Amurka da na Turai da na Sin sun sha bamban, kuma ya guji wadda ta taɓa nutsewa a ambaliya komai arharta. Makanikai kuwa, waɗanda da basirarsu da haƙurinsu motocin ƙasar nan suke tafiya, su sani cewa duk wayar da suka gani mai launin ruwan lemo tana ɗauke da bolt ɗaruruwa, tana iya kashe mutum nan take ko da motar a kashe take. Ba a taɓa ta sai an cire makullin da ke raba batir da sauran jiki, an jira, an auna, an sa safar hannu ta musamman. Batirin da ya fashe ko ya huje yana iya kamawa da wata irin wuta mai wuyar kashewa, wadda take cin ruwa mai yawa, takan kuma sake tashi bayan an zaci ta mutu, ko da yake ƙididdigar ƙasashen da suka daɗe da irin motocin ba ta nuna sun fi na fetur yawan gobara ba. Wannan ilimi ba ya samuwa da gwaji da kuskure a gareji kamar yadda aka koyi na kafireto, don haka ya kamata ƙungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna da Damagaram su fara koyar da shi tun yanzu, su haɗa da ma'aikatan kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra waɗanda su ne suke fara isa wurin da mota ta faɗi.